Katunan Haruffa Daga Sharaɗa

Maman Rumaisa,

Assalamu alaikum. Yaya yara, yaya ƙafar Inna?

Kin ce Rumaisa kuka take yi in an ambaci makaranta. Na ba direban Gumel saƙo: katunan haruffa da na yanka daga kwalayen kamfani, da memori mai waƙoƙin ƙirge. Ki sa mata a wayarki bayan la'asar. Kada ki matsa mata, ki zauna ku yi wasan tare.

Ni lafiya lau. Inji ya ɗan taɓa mini hannun dama, shi ya sa rubutun ya karkace, amma ina zuwa aiki.

Ranar da ta haɗa sunanta da kanta, ku kira ni. Ko ina bakin aiki zan ɗauka.

Allah ya raya mana su.

Naki,
Usaini