Kifin da Ke Cikin Dutsen Taimama

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Na iso Malikanchi. Baba ya rame, ɓarin hagu ya shanye, ruwa kuwa ko taɓa shi aka yi sai rawar sanyi. Na zo ne in ɗauki dutsena in koma Zariya, ga abin da na tarar.

Laraba, 3 ga Yuli
Na birkice ɗaki ban ga dutsen ba. Ashe yana gefen filon Baba. Inna ta ce: “Ke Hafiza, dutse ne fa. Na ga ya yi sumul, na ba Malam yana taimama.”
Dutse ne fa! Shi kaɗai na samo a yawon bincikenmu na Sakkwato. Kifi kwance a cikinsa, ƙaya-ƙayarsa duk a fili, tun zamanin da wurin yake teku. A kansa digirina na biyu ya rataya. Ga shi da laushi, farce ma kankare shi yake.

Lahadi, 7 ga Yuli
Na kawo wa Baba wani dutse daga rafi. Ya shafa, ya ture. Bakinsa a karkace ya ce: “Na Hafizata nake so.”

Juma'a, 12 ga Yuli
Kawu Ɗayyabu ya ce ai mushe ne a ciki, taimama ba ta yi ba. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Baba ya ce abin da Allah ya mayar dutse, dutse ne.

Alhamis, 18 ga Yuli
Dakta Simeon, mai duba aikina, ya kira. In ban kai dutsen ba kafin ƙarshen wata, sai dai in sake sabon aiki. Da wane ƙarfin?
Da yawan taimama, kan kifin ya shafe. Na shiga banɗaki na yi kuka.

Juma'a, 26 ga Yuli
Baba yana barci na sa dutsen a jaka. Na kai bakin titi, har ɗan acaɓa ya tsaya, aka kira la'asar. Na dawo.

Talata, 30 ga Yuli
Hannun daman Baba ma ya daina ɗaguwa. Dakta ya kira, ban ɗauka ba, caji ne babu, haka zan ce.
Wutsiyar kifin kaɗai ta rage. Da azahar ni na kama tafin Baba na ɗora a kanta. Na danna sosai, kada taimamarsa ta ƙi yi.