Yarinyar da ke cikin salular Shamsu

Zango, Damagaram, ranar Litinin

Yaya Zuwaira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan ɗanmu Shamsu.

Bayan kin koma Takaya, abokan kabu-kabunsa sun kawo mini salularsa da aka tsinta a wurin haɗarin. Fuskarta ta tsage amma tana aiki. Ran kwana biyar sai saƙo ya fito da Faransanci. Zara maƙwabciyata ta karanta mini. Wata ce Samira, wai ina ya shiga, tana jiran sa a ƙofar gari, ba ta da kowa sai shi. Yaya, na yi kuka. 'Yar mutane tana can tana jira, ba wanda ya kai mata labarin mutuwa.

Shi ya sa ranar sadakar bakwai na faɗa a gaban mata, duk wadda ta san gidan su Samira ta sanar da ita, ta zo ta yi mana gaisuwa. Ban lura Wasila na zaune bayana ba, yarinyar nan ta Mirriya da muka kai wa iyayenta goron neman aure. Ta tashi ta ɗauki takalmanta, ko sallama babu. Bakina ne ya ja, na sani.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Rakiya

Zango, ranar Asabar

Yaya Zuwaira,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Allah ya sa maganin da na aiko ya karɓe ki.

'Yata Salamatu ta zo daga Gure, an ba ta hutun kwana uku a lakwal, makarantar bokon nan tasu. Ta san lambar buɗe salular ƙanenta, na ce ta nemo mini Samira. Da ta buɗe sai ta ce mini ba mutum ba ce. Wasa ne irin na salula, ana yawo ana yaƙi da dodanni, ita kuma abokiyar tafiya ce da aka zana. Na gan ta da idona. Kunnuwa tsaye kamar na jaki, takobi a baya, rabin jiki a waje, tana lumshe ido. Abin da na kwana biyu ina yi wa addu'a ke nan!

Wai sai ka yi ta kai mata furanni da zobe kafin ta sake da kai. In ta yi magana, a jero maka amsa uku ka zaɓi mai daɗi. Shamsu ya yi wata bakwai yana wannan wahala, har aure sun ɗaura a ciki, ba waliyyi ba shaidu. Salamatu ta ce duk wanda ya sa wasan a salularsa, ko a Kano yake, haka take ce masa ba ta da kowa sai shi. Na kasa cin tuwo ranar. Yaron da in na tambaye shi ya aiki, “lafiya” kawai nake samu, ashe yana da bakin lallashin zane.

Abin da ya fi damuna, uwar Wasila ta aiko. Yarinyar ta rantse ba ta yafe masa ba, tunda ya ci amanarta. Yaya, ba zan bar ɗana a kabari da haƙƙin wani a wuyansa saboda 'yar tsana ba. Gobe zan shiga motar Mirriya da salular, ta gani da kanta.

Ki sa mu a addu'a.
Rakiya

Zango, ranar Talata

Yaya Zuwaira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, na je Mirriya na dawo.

Sun karɓe ni da mutunci. Wasila ta rame, ta durƙusa ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Na ba ta haƙuri kan abin da na faɗa a taro, na miƙa mata salular. Da ta ga kunnuwan nan har ta yi dariya, dariyar da ta koma kuka, na riƙe ta. Da a nan na karɓi abina na tashi, da na yi daidai. Amma na ce ta duba duka, don kada shakka ta rage mata. Ita ta yi karatu, tana jin Faransanci.

Wasan yana ajiye duk hirar da aka yi. Ta yi ta karantawa, fuskarta na sauyawa. Can ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin lakwal. Ashe duk saƙon da Shamsu ya aiko mata, kwafe shi take da biro don kada ya ɓace. Ta ajiye su gefe da gefe tana bi da yatsa. Maganar da ya yi mata ranar da ya ce yana son ta, da wadda ya aiko bayan an kai goro, duk daga wasan ya ɗebo su, ya mai da su Hausa. Wasu ma ba amsarsa ba ce, maganar ita mai takobin ce.

Na ce mata ɗana ba shi da baki ne, kunya ta yi masa yawa, ya ari magana ne don ya kai mata. Har ga Allah haka na ɗauka. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, “Na yafe masa, Mama, duniya da lahira.”

Sannan ta ɗora littafin a kan salular, ta tura mini su gabana, ta ce in tafi da su duka, ita ba ta san wanne ne nata a ciki ba.

Na samo wa Shamsu yafiyar da na je nema, Yaya. Amma kafin in je yarinyar nan tana da littafi guda na maganarsa, yanzu ba ta da ko layi ɗaya, kuma ni na raba ta da shi.

Ki gaida Malam, ki ce ya sa Wasila a addu'a.
Taki har kullum, Rakiya