Garin da Kawu ke gani

Inna Bara'atu, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Badaguishiri, amma a Birnin Ƙonni na tashi, hannun kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya koyar shekara talatin, sannan idanunsa suka tafi, yau shekara goma sha tara ke nan. Bara ya yi wa wani abokinsa shiftar littafi, jagora ga baƙon da ke son zaga tsohon gari da ƙafa. Wata ƙungiya ta yarda ta buga shi. Da na zo hutu sai Kawu ya ce ni zan duba kurakurai, in kuma tabbatar da kowane wuri.

Na ɗauka aikin waƙafi da aya ne. Na ɗauki takardu da jan biro na shiga gari.

Kawu ba ya kwatance da sunan titi, irin namu yake yi. Ka bi ta gindin tsamiyar Illo maƙeri, ka karya dama inda Ummulkhairi ke sayar da fura, in ka ji warin jima ka iso majema, rijiya na hagunka. Inna, Illo ya rasu, tsamiyar an sare, wurin ana wankin babura. Ummulkhairi ba ta nan, sai jikarta, ita ma katin waya take sayarwa. Rijiyar ta faɗa cikin gidan wani, an rufe bakinta da siminti.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ina tafe ina karantawa sai garin nasa ya riƙa tasowa. Na tsaya tsakar rana ina jin sanyin inuwar tsamiyar da babu ita. Na ji amon maƙera, na ga mata da tuluna suna wucewa a hankali, har ƙamshin fura ya zo mini, sai da mai kabu-kabu ya danna mini hon. Kwana uku ina yawo a haka, ban ja layi ko ɗaya ba.

Kullum na dawo sai in tarar da shi bisa buzu, fuska washe. Jiya ya tambaye ni ko na sha ruwan rijiyar, na ce na sha. Ƙarya na yi wa wanda ya rene ni! Ran Litinin za a kai littafin wurin bugu. In na gyara, na rushe masa garin da shi kaɗai ya rage masa gani. In na bari, baƙo ya ɓata, a yi dariya da sunan Kawu. Wallahi tausayinsa nake ji, ga tsoro. Mi zan yi?

Mai Jan Biro, Ƙonni

Ɗiyata Mai Jan Biro,

Tausayinki na gaskiya ne, amma ya kai ki ga ƙarya. Ki nemi gafararsa yau, kada ki kai gobe.

Ki tuna malami ne. Da yabo yake so, da abokinsa ya ishe shi. Ke ya zaɓa saboda ya san kina da ido kuma ba za ki cuce shi ba. Littafin da zai ɓatar da baƙo ba shi zai so ya bari a bayansa ba.

Sai dai kada ki soke kalmarsa ko ɗaya. Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, lokacinsa ne ya wuce. Ki roƙi ƙungiyar ta ƙara miki mako biyu. Ƙarƙashin kowane kwatancensa ki ƙara layi na abin da baƙo zai tarar yau, da sunan hanya. Ki tambayi dattawan unguwa biyu ko uku kafin ki rubuta yaushe aka sare me, aka rufe me.

Amma kada ki yi aikin a ɓoye. Ki kama hannunsa da sanyin safiya ku zaga tare, ki faɗa masa abin da ke gabanku wuri bayan wuri. Wataƙila ya yi kuka. Ki bar shi ya yi, kada ki rarrashe shi da wata ƙaryar. Garinsa ne, kowa ya yi bankwana da shi tuntuni, shi kaɗai ba a bari ya yi ba.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ta Kawu.

Inna Bara'atu