Fitila ta mutu, ƙusa tana nan

Baban yara,

Na tafi aiki a motar haya. Makullin motarmu yana jakata, kada ka wahala da nema.

Jiya ka ce mai faci ya ƙara iska, shi ya sa fitilar gargaɗin taya ta mutu. To, da safe na duƙa ɗaukar takalmin auta, sai ga tayar baya ta kwanta, kan ƙusa yana ƙyalli. Na kira mai facin, ya ce jiya ko rumfarsa bai buɗe ba.

Ina zargin maɓallin nan na ƙarƙashin sitiyari ka danne har fitilar ta ɗauke. Ai da mai facin ya nuna mana shi, cewa ya yi ba a danna shi sai an cika iska tukuna. A haka za ka kwashi yarana ka hau babban titi?

Mai facin zai zo da rana ya cire tayar, ka tsaya a kansa. Sannan ka tanadi abin da za ka gaya min. Ni dai ba ni da maɓallin da ake dannawa in yi shiru.

Maman yara