Ƙarfe Sha Ɗaya a Hanyar Shagari

Bodinga,
6 ga Mayu.

Zuwa ga Yayata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da almajiransa. Yaya ƙafar taki, ta saki? Yaya kuma zafin bana? Mu nan Bodinga sai godiyar Allah.

Kin yi ƙorafi ina yi miki magana rabi da rabi a waya. Ba laifina ba ne. Tun da wayar Baban Fiddausi ta lalace tawa ta koma hannunsa, in ya dawo da ita kuma yana zaune a gefena. Shi ya sa na koma takarda kamar muna 'yan makaranta. Shi da kansa zai riƙa kawo miki, tunda kullum motarsa tana tashar Shagari, gidanki kuma ga shi a bayan tasha. Ba ya buɗe saƙon mutane, wannan hali kam na shaide shi.

In kin gan shi kada ki tsorata, ba yunwa nake bar masa ba. Rage ƙiba yake yi. Kin san shekara biyu ke nan da aka ce yana da ciwon sukari, aka ba shi wata 'yar farar ƙwaya yana sha kowace safiya. Ciwon bai taɓa damunsa ba kamar yadda bakin 'yan tasha ya dame shi. Wai Maniru Buhun Albasa, Allah ya yafe mini kama sunansa. Sai ya shiga wani zaure a Watsaf inda wani mutum yake koyar da rama. Ni dai ban san rama ta zama abin koyo ba sai bana. Ya bar tuwo, ya bar shinkafa da burodi da fura. Ƙwai, nama, zogale, kabeji, abincinsa ke nan. Ina tuƙa tuwon gero yana kau da kai kamar ya ga surukarsa.

Da farko ya zubar da kilo biyar. A sikelin masu hatsi yake hawa ranar kasuwa, ana yi masa dariya yana jin daɗi. Daga nan abu ya tsaya cik, wata guda sikeli bai motsa ba. Mutumin Watsaf ya tambaye shi me ya rage yana ci, ya ce kindirmo kawai. Mutumin ya ce to shi ne ɓarawon, ya bar duk abin da ya fito daga saniya in ba namanta ba.

Kin san Kaltume, Bafulatanar Horo Birni mai tallar nono a tasharku. Shekara tara kullum sai ya sha kindirmonta ƙoƙo guda kafin ya yi lodin dawowa. To ya bari. Man shanu ma ya hana ni sa masa a miya. Yaya, mako biyu kawai kilo uku suka sake tafiya. Sau biyu ke nan ina rage masa ƙugun wando. Gaskiya ya yi kyau, ba zan ɓoye miki ba, har da sauri yake tafiya masallaci. Don Allah ki ba Kaltume haƙuri, na ji an ce ta ɗauka wani laifi ta yi masa.

Abu ɗaya ne bai kwanta mini ba. Jiya ya dawo rigarsa jagab da zufa, madubin motar na hagu a fashe. Ya ce akuya ya kauce wa. Da na tambaye shi a ina, sai ya ce ya manta.

Ki gaishe da Malam da kyau. Fiddausi tana gaishe ki, ta kai izu goma sha biyu.

Ƙanwarki,
Ummukulthum.


Bodinga,
27 ga Mayu.

Yayata Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida baki ɗaya, da fatan kuna lafiya. An yi ruwan fari a wajenku? Mu an ɗan yayyafa ranar Lahadi. Na ga daddawar, Allah ya bar zumunci.

Yaya, ba akuya ba ce. Maƙwabcinmu Tasi'u mai albasa shi ne yake zama gidan gaba duk ranar da ya je Shagari, matarsa Safinatu ce ta faɗa mini bayan ta sa na yi rantsuwa. Ta ce suna dawowa, daidai kwanar nan mai babbar tsamiya, sai Baban Fiddausi ya yi shiru ana cikin hira. Zufa ta karyo masa, hannunsa ya kama rawa, idonsa a buɗe amma ba ya ganin hanya. Mota ta fara cin gefe. Tasi'u ne ya cafke sitiyari ya yi ta kiran sunansa har ya taka burki. Mutum goma sha takwas ne a ciki, yawancinsu ba su ma san abin da ya faru ba. Kuma sau uku ke nan, kullum a wuri ɗaya, kullum wajen ƙarfe sha ɗaya.

Da na tare shi da maganar bai musa ba. Ya ce mutanen tsamiyar ne suka sa masa ido. Haka Tasi'u ya ce, haka duk wanda ya ji zai ce, kin san abin da ake faɗa a kan tsamiyar bakin hanya. Yanzu akwai laya a rataye gaban motar, yana shan rubutu, ina yi masa hayaƙi. Ya gargaɗe ni kada maganar ta kai kunnen ƙungiyar direbobi, don in mai motar ya ji zai karɓe makulli a ranar. Motar nan kuwa ita ce gonarmu.

Na yarda da maganar iskoki, wallahi na yarda, har na yi niyyar roƙon Malam ya taimaka mana da addu'a. Har yanzu ma ina roƙo. Amma ranar Juma'a bai fita aiki ba. Ya sha ƙwayarsa da ruwan shayi ba sukari, ya ci ƙwai biyu, ya zauna a tsakar gida yana gyaran rediyo. Ina shara na ji rediyon ya faɗi. Na same shi yana zufa yana karkarwa, ya dube ni ya kira ni Inna, mahaifiyarsa da ta rasu shekara shida da suka wuce. Na duba agogo, sha ɗaya da 'yan mintuna.

Yaya, gidanmu babu tsamiya. Ko darbejiyar ƙofar gida bara aka sare ta.

Shi kuwa murna yake yi, kilo goma sha ɗaya yanzu. 'Yan tasha sun daina ce masa Buhu. Ni kuma duk safiya in na ji ya tayar da mota, ba na samun natsuwa sai na ji hon ɗinsa da azahar. Tsoro nake ji, kuma ban san abin da nake tsoro ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Taki,
Ummukulthum.


Bodinga,
18 ga Yuni.

Yayata, uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Ina gaishe da Malam, ina gaishe da yara. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amsarki ta zo, na karanta abin da Kaltume ta gaya miki har sau uku. Ashe duk watannin da yake cewa a ba shi kindirmo zalla, ita tana dama masa rabin curin fura da ɗan sukari a ɓoye, wai don kindirmo gaya ba abincin namiji mai tuƙi ba ne. Na yi dariya, sannan na zauna na yi kuka. Shi ya sa sikeli ya ƙi motsi a wancan watan. Shi ya sa kuma a wancan watan ba abin da ya taɓa samunsa a hanya.

Na ɗauki kwalin ƙwayar na je asibiti da sunan zan kai Fiddausi a duba mata ido. Na zayyana wa ma'aikaciyar komai. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce aikin ƙwayar nan ta sauke sukarin jini, an kuma ba shi ita ne lokacin da yake cin tuwo sau biyu a rana. Yanzu ba tuwo, ba fura, ɗan abin da yake samu a ƙoƙon Kaltume ma ya yanke, ƙwaya kuwa tana nan tana aikinta. In ta sauke sukarin ya wuce ƙima, sai zufa da rawar jiki da gushewar hankali, wani daga nan ba ya dawowa. Ta ce rage ƙibar ba laifi ba ne, amma lallai ya zo a auna shi a sake masa magani, kada kuma in ɓoye ƙwayar da kaina. Sannan ta ce kada ya sake riƙe sitiyari sai an yi haka. Tsamiyar nan ba ruwanta, Yaya. Lokacin ne kawai yake cim masa a wurinta.

Na gaya masa a hankali, na gaya masa da faɗa, na gaya masa da kuka. Amsarsa ɗaya ce: “Mi kika sani ga wannan? Ku dai so kuke in koma buhu.” Ya ce in ya je asibiti tuwo za su mayar da shi. Da ya ji abin da Kaltume ta yi kuwa, ya rantse ko ruwa ba zai sake karɓa a hannunta ba. Na sa dabino a aljihunsa, ya dawo mini da su cif guda bakwai.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Asabar makarantar su Fiddausi za ta zo musabaƙa wajenku Shagari, motarsa aka ɗauka. Yara goma sha takwas da malaminsu. Za su taso da sassafe, su juyo da hantsi ya ɗaga. Zuwan ba ya ba ni tsoro, dawowar ce. Na yi tunanin in ce Fiddausi zazzaɓi take yi in hana ta zuwa, har na shirya ƙaryar. Sai na tuna sauran sha bakwai ɗin ma uwa ce ta haife su, ɗaya ma ɗan Safinatu ne.

Gaba kura, baya siyaki. In na yi shiru na san abin da nake jira. In na yi magana na tona asirin mijina, na kashe masa sana'a. Na zaɓa, Yaya. Ki ba Malam takardar nan ya kai wa shugaban direbobin tasharku. Ranar Asabar in sun sauke yara, a karɓi makullin, wani ya dawo da su.

Gobe zan miƙa wa Baban Fiddausi takardar nan kamar kullum, zai sa a aljihun gaba ya kawo miki da hannunsa. Ban san da wane ido zan dube shi ba.

Ƙanwarki,
Ummukulthum.


Bodinga,
23 ga Yuni.

Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam, ina yi muku ban gajiya. Allah ya saka da alheri, ya raba ku da ganin irin wannan rana. Wannan takarda ta hannun Tasi'u za ta zo miki, kin san dalili.

Yara sun iso lafiya, duka sha takwas. Na tsaya bakin makaranta ina ƙirga su suna saukowa daga motar wani. Fiddausi ta zo ta uku a ajinta, an ba ta Alƙur'ani da hijabi.

Sauran kin fi ni sani, tunda a gabanki aka yi. Tasi'u ya ce da aka karɓi makullin Baban Fiddausi ya zauna a bencin tasha, sha ɗaya na yi ya sulale ƙasa a gaban kowa. Ya ce Kaltume ce ta ture maza, da ya ɗan motsa ta riƙe kansa tana ba shi nono da sukari har ya buɗe ido. Ki gode mata. Ki ce mata ban da bakin da zan gode mata da shi.

Na ɗauka wannan zai ishe shi aya. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ya ce baƙin cikin wulaƙanci ne ya kayar da shi, ba wata ƙwaya ba. Mai mota ya ba wani motar tun jiya. Da ya shigo gida bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce: “Ashe da hannuna nik kai takardar.” Tun daga nan bai sake yi mini magana ba.

Jiya da la'asar ya shigo da babur ɗin ƙanensa. Na ji yana gaya wa Tasi'u zai riƙa kai saƙon kaya Shagari, buhu ɗaya ko biyu, ba fasinja, don kada a sake cewa zai kashe 'ya'yan mutane. Na durƙusa na roƙe shi mu fara zuwa asibiti, ya tsallake ni ya wuce.

Yau da asuba na dama fura da kindirmo na ajiye a ƙofar ɗakinsa. Tana nan yadda na rufe ta, ko faifan bai ɗaga ba. Na duba kwalin magani, ya ɓalli ta yau. Ya fita tun bakwai.

Na tsirar da 'ya'yan mutane, Yaya, nawa mijin ne na kasa. Da can in abin ya zo akwai wanda zai kama masa sitiyari. Yanzu shi kaɗai ne.

Tasi'u zai iso gare ki kafin goma. Don girman Allah ki roƙi Malam ya hau mashin ya riga Baban Fiddausi zuwa kwanar tsamiya, ya riƙe sukari a aljihu, ya jira a nan. In sha ɗaya ta wuce bai gan shi ya gifta ba, ya biyo hanya a hankali yana duba gefen titi.

Ƙanwarki,
Ummukulthum.