Inna, Jibi Za Mu Zo Zugu

Laraba. Aikin farko: wanke jarkar ruwa da toka, a kife ta a rana.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa muna nan lafiya a Paraku, ni da Rakiya da yaran uku. Bayan la'asar nake wannan rubutu, a littafin da nake jera ayyukana na kullum, don ban san wata hanyar aike miki da wasiƙa ba.

Jibi Juma'a, in Allah ya so, za mu zo Zugu. A takardar neman izini Djougou na rubuta, amma a bakina Zugu ce, yadda kike kiranta.

Makon jiya wani direban babbar mota ya same ni a Gar, tashar jirgin ƙasa inda har yau nake rubuta takardun kaya, da saƙon ƙanenki Kawu Mamman. Ya ce idon Kawu na dama ya rufe, na hagun ma yana bin sa. Ya ce sai da Kawu ya sa shi ya maimaita saƙon sau biyu kafin ya sallame shi: "Ka ce wa ɗan yayata, in yana son sanin inda uwarsa take kwance, ya zo tun ina bambanta itace da mutum."

Shi kaɗai ya rage, Inna. Shi ya shiga ramin ya karɓe ki. Limamin da ya sallace ki ya bi ki, samarin da suka haƙa kabarin sun tafi Najeriya neman aiki, fasasshen tulun da aka kafa don shaida kuwa an ce shanu sun tattake shi tun damina ta biyu.

Kin san yadda aka yi, amma ban taɓa faɗa miki da bakina ba. Shekara huɗu ke nan. Da labari ya iso ni cewa jikinki ya yi tsanani, ban nufi tashar mota ba, biro na nufa, wato ofishinmu. Tun da juyin juya hali ya zo, ma'aikaci ba ya barin wurin aikinsa sai da takarda mai hatimi. Kwana biyu na yi a kan benci a ƙofar shef, shugaban ofishin. Da na iso Zugu na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Kawu ya kama hannuna ya ce mu je ya nuna mini. Na ce sai gobe, don kunya ta hana ni tsayawa a kanki. Washegari kwanakin izinina suka ƙare, na hau mota.

Sau uku na shirya zuwa tun daga nan. Na farko ƙyanda ta kama 'yarmu takwararki, wadda muke kira Uwani. Na biyu ruwa ya cinye hanya. Na ukun na duba littafi ɗazu, abin da na rubuta a ranar kalma biyu ne: an fasa. Babu dalili a gefe, kuma na kasa tuna ko akwai.

Ke jikar madugu ce, kin sha ba mu labarin kakanki da jakunan goro daga Gwanja. Ina tuna ranar da za ki kai ni makarantar kwana, ina ta kwance ƙunshina ina sake ɗaurewa, mota tana ta oda a waje. Kika fizge ƙunshin kika ɗora a kanki, kika ce, "Ayari ba ya jiran mai gyaran igiya." Ga ni na haura arba'in, igiyar nake gyarawa.

Amma tafiya da yara sai da shiri, wannan ko ke za ki yarda. Bari in gaya miki su.

Sule shekararsa takwas, shi ne ya san ki, ko da yake abin da ya riƙe kawai shi ne kina ɓoye masa ƙuli-ƙuli a gefen zani. A makaranta an koya musu ɗaga dunƙulen hannu da kiran kowa kamarad. Kwana uku ke nan ina koya masa durƙusawa a tsakar gida, ni ne Kawu, shi ne baƙo. Jiya ya tambaye ni ko Kawu yana cikin masu mulkin danniya, don malaminsu ya ce duk wanda ake durƙusa wa daga cikinsu yake. Rakiya ta yi dariya har ta ajiye ludayi. Na ce masa Kawu tela ne, kuma kada in ji wannan tambaya a Zugu, kada kuma malaminsu ya ji labarin durƙuson.

Uwani shekararta biyar. Mota na juya mata ciki, don haka na roƙi direban bashe, motar nan mai rufin tamfol, ya bar wa Rakiya gaba, ita da Uwani da ƙaramin. Zan sayi lemun tsami ta riƙa shinshina. Ta ɗauko goshinki da taurin kanki. Ta ce ba za ta tafi ba sai da kazarta, har yanzu ana ciniki.

Bello bai kai uku ba, ba ki gan shi ba. An yaye shi da azumi, yana cin duk abin da ya samu, har da alli.

Na lissafa inda za mu tsaya a hanya don fitsarin yara. Na haɗa takardun haihuwarsu a ambulan ɗaya saboda shingayen jandarma. Rakiya za ta yi wasa-wasa ta soya cuku, abin da ba zai lalace da zafi ba. Na yanke mu bi motar farko, mu isa kafin salla, mu dawo Lahadi. Sule zai rasa aikin gonar makaranta na Asabar, na rubuta wa malaminsu.

Abu ɗaya ne bai kammala ba, shi ne takardar izinina. Kwana takwas tana biro. Shef ya tafi Kwatano bitar siyasa, mataimakinsa ya ce hatimi yana cikin aljihun tebur, makulli kuma yana aljihun shef. Yau ma na zauna a bencin nan. Shi ne dai, Inna, ba a ko sake masa fenti ba.

In na tafi ba takarda, za a karanta sunana a taron kwamiti, a rubuta a fayil. Wataƙila ya tsaya a nan, wataƙila a tura ni wata ƙaramar tasha a daji, wataƙila ya fi haka. Na rubuta duka ukun na yi ta kallonsu. Da rana na ce wa Rakiya ko mu ƙara mako ɗaya, shef zai dawo. Tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ni da yara Juma'a za mu tafi. Kai ka zauna ka yi gadin hatimi. Sai dai mace ba ta shiga maƙabarta, Sule za a nuna wa."

Na fita na je tasha na kama kujera ta biyar, tawa.

Ban sani ba ko daidai na yi. Ina da iyali, aiki kuma ba a tsintarsa a hanya. Amma idon Kawu ba shi da mataimakin da zan je in roƙa.

Asabar da safe zan riƙe hannun Kawu, Sule ya riƙe nawa. An ce akwai ɗorawa kusa da ke. Zan ƙirga taku daga gindinta, in rubuta, in sa Sule ya ƙirga da nasa ƙafafun shi ma. Na san za ki yi mini dariya, mutum ya zo gaida uwarsa da alƙalami da takarda. Ki yi haƙuri da ni, haka kika haife ni. In na gama ƙirgar zan rufe littafin in tsaya, tsayuwar da na kasa yi.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi. Allah ya bar wa Kawu sauran ganinsa. Allah ya kai mu lafiya, ya sa yaran nan su san inda suka fito. Ki yafe mini kwana biyun nan na kan benci.

Ɗanki,
Idrisu

Gobe Alhamis:
Goro fari na Kawu, da maganin ɗigawa a ido in an samu.
Lemun tsami.
Karɓo takalmin Sule daga wurin gyara.
Roƙon maƙwabciya ta kula da kazar Uwani, a gaban Uwani.
Biro: in tambaya sau ɗaya, a tsaye. Ba zan zauna ba.