Motar da Ba Ta Je Larch Court Ba

Kenwold, 3 ga Fabrairu, 2010

Ƙanena Colin,

Ina gaisuwa, da fatan kai da Sheila kuna lafiya.

"Ba za ki tsallake 1974 ba, Dakta Penfold," in ji Misis Ackroyd, tun ban cire kwat ɗina ba. "Shafin da kowa zai fara buɗewa ke nan." Ita ce shugabar ƙungiyar tarihi ta unguwarmu, kuma ita ta ɗora mini rubuta ɗan littafi a kan mazaɓar Kenwold ta Kudu, tunda bana za a shafe ta, a raba titunanta ga maƙwabta biyu. Nan da mako uku za a kai wa masu bugawa.

Tarihin ba shi da wuya. Shekara sittin, zaɓe goma sha shida, jam'iyya ɗaya ke ci, kamar yadda kowa ke aske ciyawar ƙofar gidansa ran Lahadi. Sau ɗaya tak kujerar ta girgiza, a Oktoban 1974, da Baba ya tsaya wa ɗaya jam'iyyar, ya faɗi da ƙuri'a goma sha ɗaya kacal bayan an sake ƙirgawa sau uku.

Ka san abin da aka raine mu a kai. Wilf Tranter, wakilin Baba a zaɓen, shi ya ƙi tura mota ta ɗauko mazauna gidan tsofaffi na Larch Court zuwa rumfar zaɓe, alhali dukansu namu ne. Na je da niyyar rubuta hakan da sunansa. Sai jiya na buɗe kwalin takardun jam'iyya. Kowane direba yana da takardarsa, sunansa a sama, sunayen waɗanda zai ɗauko a ƙasa. Ta Larch Court tana nan, mutum goma sha tara, babu wanda aka yi wa alamar an ɗauko. Amma an yanke sunan direban da almakashi, a tsanake, layi miƙaƙƙe. Mai sakaci ba ya yanka haka.

Na rubuta wa Wilf. Yana da rai, shekararsa tamanin da huɗu.

Yayarka,
Rosalind

Leeds, 7 ga Fabrairu

Ros,

Muna lafiya, Sheila na gaishe ki.

Ke dai jami'a ta ɓata ki. A nuna miki ɓarawo da kaya a hannu, sai ki ce a kawo ma'auni. To wa zai yanke sunan in ba Wilf ba? Wata shida bayan zaɓen ba shi muka gani a bikin 'yar wancan mutumin da ya ka da Baba ba, har da fure a ƙirji? Baba ya mutu bai sake yi masa magana ba. Mutumin da muke kira Kawu, yana cin gasasshen naman Lahadi a teburinmu!

Ki rubuta sunansa. Kuma don Allah kada ki je ki dami Mama da wannan, ciwon ƙafarta ya ishe ta.

Colin

Kenwold, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Dakta Rosalind Penfold,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarki, kuma na gode da har yanzu kika kira ni Kawu.

Amsar tambayoyinki a jere. Na ɗaya, ni na yanke takardar. Na biyu, motoci huɗu muke da su a ranar, ni na raba musu aiki, kuma Larch Court ta kuɓuce mini. Na uku, ban tuna sunan direban ba. Ki sa sunana a littafin, ba ni da ja. Wakili shi ke ɗaukar laifin ranar zaɓe, haka aikin yake.

Ina roƙon kada ki ɓata lokacinki wajen tambayar wasu. Galibinsu sun rasu.

Ki gaida mahaifiyarki.

Naku da ladabi,
W. Tranter

Kenwold, 16 ga Fabrairu

Colin,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Wilf ya ba ni amsa, ya ce shi ne, in sa sunansa. Na daɗe ina koyar da tarihi, ban taɓa ganin mai laifi ya amsa laifinsa da lambobi, na ɗaya, na biyu, na uku ba. Ya tuna almakashi, ya manta sunan da ya yanke. Kuma ku biyu, kai da shi, a mako ɗaya kun roƙe ni kada in tambayi kowa.

Ya ce motoci huɗu. Na je laburare na duba jaridar unguwa ta wancan makon. Akwai hoton direbobinmu a ƙofar ofis da safe. Motoci biyar ne. Ta biyar koriyar motarmu ce, Mama tana jingine da ita, da ɗankwali.

Na same ta jiya da la'asar tana kallon tsuntsaye ta taga. Na ajiye mata hoton a cinya.

"Dubi ƙuguna a lokacin," ta ce.

"Mama, wa aka ba Larch Court?"

"Wilf ya gaya miki?"

"Wilf ya ce shi ne."

"Sakarai," ta ce, amma a hankali. Ta sa na haɗa mata shayi tukuna, ka san ta.

Ga abin da ta faɗa. Ta je ƙarfe huɗu. Tsofaffin suna zaure, sun sa huluna da kwat, suna jira. Tana share ƙafa a bakin ƙofa sai ta ji wani tsoho yana cewa, "Mu hau motar Penfold, mu je mu jefa wa abokin hamayyarsa, man fetur ɗinsu ne." Duka suka kwashe da dariya. Sai ta juya a hankali ta koma mota, ta tafi wurin shaƙatawa ta zauna awa biyu, tana ganin ta ceto wa Baba ƙuri'a goma sha tara.

Ka san wannan barkwancin. Duk ranar zaɓe sai wani ya yi shi a kowace mota, har da masu katin jam'iyya a aljihu. Mutanen nan ba sa faɗin wanda za su zaɓa sai a karkace. Washegari mai kula da gidan ta bugo wa Wilf waya, ta ce sun yi ta jira har aka rufe rumfa, wata ma ta yi kuka, don ba ta taɓa fashin zaɓe ba tun da aka ba wa mata 'yancin jefa ƙuri'a.

"To me ya sa Kawu Wilf ya ɗauka?" na tambaye ta.

"Babanki yana yafe wa abokan hamayya," ta ce. "Na gida ne ba ya yafe wa."

Yanzu ga abin da ya dame ni. Labarin ya fito mata sumul, kamar an goge shi da dutsen guga. Mama ta yi shekara goma sha biyar tana tuƙa masu zaɓe kafin ranar, ta ji wannan barkwancin ya fi sau ɗari. Kuma kana tuna yadda take cewa London, inda majalisa take, tana cinye mazajen mutane. Na tambaye ta kai tsaye ko so ta yi ya faɗi.

"Ke da kika yi digiri uku," ta ce, "ki gano mana."

Shin ka sani, Colin? Kana da shekara tara a lokacin, kuma ita ta ɗauko ka daga makaranta a ranar.

Rosalind

Leeds, 19 ga Fabrairu

Ros,

Ta saya mini askirim a wurin shaƙatawar, ta ce kada in gaya wa Baba mun tsaya. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ban so in san fiye da haka ba.

Wilf da kansa ya ce ki sa sunansa. Uwarmu ce fa, kuma a unguwar nan take zuwa coci.

Colin

Kenwold, 24 ga Fabrairu

Kawu Wilf,

Ina gaisuwa, da fatan sanyin nan bai taɓa ka ba.

Ban bi shawararka ba. Yau na miƙa littafin. A shafi na talatin da ɗaya an rubuta cewa motar da aka ba Larch Court ta gidan Penfold ce, ba ta ɗauki kowa ba, kuma wakilin ɗan takara ya yi aikinsa daidai. Ban rubuta dalili ba, don ban san shi ba.

Kafin in miƙa, na biya na karanta wa Mama layin. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in gaya maka ranar Alhamis tana gida, in kana iya hawa matakala. Ni kuwa ta ce kada in zo sai ta neme ni.

Na ɗauki jakata. Ta taso da sandarta ta rako ni har ƙofa, abin da ta yi shekara biyu ba ta yi ba, ta rufe da kanta. Ina kan matakala na ji ta sa sakata.

'Yarka,
Rosalind